Daga Samaru Zuwa Durɓi Ta Kusheyi Da Littafin Dakta Bala A Cinyata

Ranar Asabar 24 ga Satumba 2005, saura kamar kwana goma a kama azumi, ina tsugune gaban mai tumatir a kasuwar Samaru, sai wani abokin aikina ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, ka ji kuwa? Dakta Bala ya rasu." Na yi salati, na miƙe, na baro cefanen a wurin. Yusufu Bala Usman, masanin tarihin nan, ba ɗan'uwana ba ne, ba ya cikin malaman da suka koyar da ni a aji, bai ma san sunana ba. Ni dai ina cikin ɗaruruwan ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da kan cika zaure maƙil duk ranar da aka ce zai yi lacca, mu tsaya a bakin taga in kujera ta ƙare. Amma ranar nan da na shiga gida, uwargida na ganin fuskata ta tambaye ni wa ya rasu a danginmu.

Tun lokacin na ɗauki alkawari tsakanina da zuciyata cewa wata rana zan ɗauki littafinsa na tarihin Katsina in bi ƙasar da ya rubuta a kanta, in ga wuraren da idona. Hidimar iyali da ta makaranta suka yi ta tura alkawarin gaba, har ya shekara ashirin cif. A ƙarshen daminar 2025 na ce ko yanzu ko ba a yi ba. Ɗan ƙanwata, wanda bai daɗe da gama bautar ƙasa ba, shi ya karɓi tuƙi. Da na faɗa masa dalilin tafiyar sai ya ce, "Kawu, ba shi ne wanda aka sa wa wata kwaleji sunansa a Daura ba?" Iyakar abin da ya sani ke nan. Ban ga laifinsa ba. Yaron yana cikin waɗanda suka yi firamare da ƙaramar sakandare a shekarun da aka cire darasin tarihi daga manhaja, kuma ni da nake malamin tarihi na san irin ramin da wannan ya bari a kan yaranmu.

Sai da rana ta ɗaga muka bar Samaru, don hanyar Funtuwa ba ta sammako ba ce yanzu, ba kuma ta dare ba. Muka wuce Shika, muka wuce Giwa. Masara ta bushe a gonaki, dawa ta fitar da kai tana rangaji, ga buhunan sabon hatsi an jera a bakin titi. Littafin yana kan cinyata. Sunansa The Transformation of Katsina, 1400-1883, madaba'ar jami'a ce ta buga shi a 1981, kuma asalinsa kundin digirin digirgir ne da ya kammala a 1974 a ƙarƙashin Farfesa Abdullahi Smith. Nawa kwafin bangonsa ya rabu tuntuni, da allura da zare na ɗinke shi, gefen shafukansa duk rubutuna ne na shekaru.

A Funtuwa muka sha mai. Ina zaune cikin mota ina kallon hada-hadar 'yan tireda da masu lodin hatsi, sai watan Maris na 1987 ya dawo mini. Rikicin da ya tashi a Kafanchan a watan nan bai tsaya can ba, wutarsa ta iso Kaduna da Zariya da nan Funtuwa, ta kai har Katsina. Ina ɗalibi a lokacin, na ga hayaƙi da idona, na ga maƙwabtan da suka shekara suna aron gishiri a tsakaninsu sun koma kallon juna ta wutsiyar ido. A shekarar nan littafinsa The Manipulation of Religion in Nigeria ya fito. Abin da ya kafe a kai shi ne akwai masu cin riba da irin wannan wuta, mutanen da ke fakewa da addini don talaka Musulmi da talaka Kirista su shagala da juna, kada su ɗaga kai su tambayi inda dukiyar ƙasa take tafiya. Wasu sun ji haushinsa ƙwarai, har da masu cewa ya raina addini. Ni ban karanta raini a ciki ba. Na karanta kishin mutumin da ba ya son a mayar da abu mai tsarki jarin siyasa. Na faɗa wa yaron wannan, ya yi shiru, can ya ce, "Kawu, ai kamar jiya aka rubuta."

Daga Bakori zuwa Malumfashi hanyar da kanta ta fara koyar da darasin. Malumfashi mazaunin Galadiman Katsina ne. In ka ci gaba za ka wuce mararrabar Rimi, garin Ƙaura. 'Yandaka yana Dutsin-ma, Durɓi yana Mani. Waɗannan huɗu su ne masu zaɓen sarki a Katsina, kuma sarautunsu sun girmi jihadi nesa ba kusa ba. A nan ne littafin ya fi ba ni mamaki tun karon farko da na karanta shi. Mu an karantar da mu tarihi a matsayin jerin sunayen sarakuna da shekarun da kowa ya yi, wane ya gaji wane, wane ya ci wane da yaƙi. Dakta Bala ya ɗauki sarautar kanta ya warware ta kamar mai warware saƙa: yaya aka yi garuruwa da unguwanni masu cin gashin kansu suka haɗu ƙarƙashin birni ɗaya, wa ke noma, wa ke ƙira, wa ke fatauci, wa ke karɓar haraji, ina ƙarfe yake, ina ruwa yake, me ya sa mutane suke tashi daga nan su koma can. Manomi da maƙeri da marini da makiyayi, waɗanda ba a yi musu kirari a fada, a littafin nan suka sami wurin zama.

Muka karya ta Marabar Musawa muka shiga Musawa, garin da aka haifi Dakta Bala a 1945. Gari ne irin garuruwanmu, shagunan kwano a bakin hanya, 'yan acaɓa a gindin bishiya, yara na dawowa daga makaranta. Muka yi azahar, bayan an sallame na gaisa da wani dattijo da ke jan carbi a inuwar masallaci. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya gyara zama ya ce, "Allah Sarki, ɗan Durɓi. Allah Ya jiƙansa." Ya dubi yaron ya ce, "Samari, ka san jikan wa ake magana? Jikan Dikko ne ta wajen uba, jikan Sarkin Kano Abdullahi Bayero ta wajen uwa. Da rawani yake so, ai a gida ya tarar da shi."

Gaskiya dattijon ya faɗa, kuma wannan shi ne abin da har yau ke taɓa ni game da mutumin nan. Kakansa Muhammadu Dikko ya yi sarautar Katsina daga 1906 zuwa 1944, Sarki Usman Nagogo baffansa ne. Ya yi karatu a Jami'ar Lancaster da ke Ingila a zamanin da ɗan Arewa mai digiri ake nema ruwa a jallo, kowace ƙofa a buɗe take gare shi. Ya dawo ya ɗauki alli a Kwalejin Barewa. Da Janar Murtala ya kafa kwamitin rubuta tsarin mulki a 1975, yana cikin mutum 49 da suka yi aikin, kuma shi da Dakta Segun Osoba suka ƙi sa hannu a abin da sauran suka amince da shi, suka rubuta nasu rahoton daban a 1976, wanda ya nemi ilimi da lafiya su zama haƙƙin da talaka zai iya kai gwamnati ƙara a kansa. Aka ture rahoton gefe. Da PRP ta ci jihar Kaduna a 1979, lokacin Katsina tana cikinta, ya zama sakataren gwamnatin Balarabe Musa, gwamnatin da ta soke haraji da jangali. Ka duba fa, jikan sarki ne a gwamnatin da ta cire wa hakimai da dagatai abin da suka fi riƙe talaka da shi. A 1989 gwamnatin soja ta sallame shi daga jami'a, ya je kotu, ya dawo bakin aikinsa. Har ya koma ga Mahaliccinsa Dakta ake kiransa, alhali ɗaliban da ya yaye sun zama furofesoshi.

Dattijon ya tambaye ni abin da ke cikin littafin da nake riƙe da shi. Na buɗe na fara fassara masa wani wuri da baki, yana gyaɗa kai, yana tsayar da ni yana gyara mini yadda ake furta sunan wani ƙauye. A nan wani abu ya tokare mini ƙirji. Littafin da Turanci yake, Turancin ma na jami'a, mutanen da aka rubuta tarihin kakanninsu ba za su iya karanta shi ba. Dakta Bala ya san wannan matsala, shi ya sa shi da abokansa da suke fitar da mujallar The Analyst suka haɗa da ta Hausa mai suna Fitila. Amma mayar da babban aikin nan cikin harshen masu shi nauyi ne da ya rage a wuyanmu, mu da muka karanta muka amfana, kuma ina cikin waɗanda za a tambaya.

Ba mu daɗe ba muka koma titi, muka ɓulla Gidan Mutum Ɗaya, muka hau hanyar Kano zuwa Katsina. Kankiya, inda Dakta Bala ya yi babbar firamare, muka wuce ta ba tsayawa. Caranci, Lambar Rimi, sai ga Ƙofar Ƙaura gab da magariba. Katsina ɗakin kara. Muka sauka gidan wani tsohon abokin karatuna, aka kawo tuwon dawa miyar kuka da man shanu, muka raba dare muna tuna zamanin Samaru. Abokin nawa yana cikin waɗanda harshen Dakta Bala bai yi wa daɗi ba, ya ce mutumin in ya kama ka da kuskure a muhawara ba ya sassautawa, ko kai wane ne. Ban musa ba. Kaifin harshensa ya raba shi da mutanen da ya kamata a ce suna sahu ɗaya, kuma ina ganin da ya tausasa a wasu wurare da saƙonsa ya fi nisa. Sai dai ko abokin nan nawa da ya gama ƙorafinsa cewa ya yi bai taɓa jin an ce ga gidan da Bala Usman ya gina da kuɗin jama'a ba.

Da safe muka fara da hasumiyar Gobarau. Ginin ƙasa ne da azara, tsayinsa kamar ƙafa 50, kana hawa matakalar tana ƙara ƙunci har ka fito sama ka ga birni a shimfiɗe. Mai yi mana jagora ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Korau aka gina ta. Wani mutum da ke tsaye a gefe ya ce a'a, bayan Korau ne. Yaron ya juyo gare ni yana jiran in raba gardama. Na ce masa ya zauna tukuna, in ba shi labarin wani Bature.

Heinrich Barth, Bajamushen da ya yi yawo a ƙasashen nan da sunan Abdulkarim, ya shigo Katsina a farkon 1851, zamanin Sarki Muhammadu Bello ɗan Ummarun Dallaje. Ya rubuta cewa birnin ya zama kango, mutane kaɗan ne a cikin ganuwa mai faɗin gaske. Fiye da shekara ɗari masana na kwafar maganarsa kamar yankan wuƙa, don ai ganau ne. Dakta Bala ya rubuta maƙala guda a kan zaman Barth a Katsina, tana cikin littafin Beyond Fairy Tales da ya fito bayan rasuwarsa. Bai ce Barth maƙaryaci ne ba. Ya tsare shi da tambayoyi ne kamar alƙali da mai shaida: kwana nawa ya yi a garin, da wa ya zauna, wa ya yi masa bayani, wane hali yake ciki da fada a lokacin, kuma wane irin tunani game da ƙabila da launin fata ya taho da shi daga Turai wanda ya sa yake ganin komai a matsayin Fulani da Haɓe. Na ce wa yaron, ganau ma yana da inda ya tsaya ya yi kallo. Saboda haka kada ka tambaye ni wa ya fi gaskiya tsakanin mutanen nan biyu, je ka tambayi kowannensu daga bakin wa ya ji. Ya tashi ya je. Ɗaya ya ce daga kakansa, ɗaya ya ce a rediyo. Yaron ya dawo yana murmushi, ya ciro waya ya rubuta.

Wannan batu na Fulani da Haɓe shi ne inda aikinsa ya fi yi mana amfani, kuma shi ne inda muka fi saurin mantawa. Turawan mulkin mallaka, waɗanda suka shigo garin nan a 1903, sun bar mana labarin jihadi a matsayin yaƙin wata ƙabila da wata. Dakta Bala ya bi abin daki-daki a ƙasar Katsina ya nuna bai zauna haka ba. Malamai uku ne suka jagoranci jama'ar Shehu a nan, Ummarun Dallaje da Ummarun Dumyawa da Muhammadu Na Alhaji, kuma waɗanda suka bi su sun fito daga asali iri-iri, abin da ya haɗa su shi ne aƙida da ƙorafi a kan yadda ake mulki. A ɗaya ɓangaren kuma, malaman 'Yandoto, garin ilimin da ya shahara tun kafin jihadi, ba su bi ba, har aka yaƙe su. Ga malamai nan, ga malamai can. Bayan an ci birni wajen 1807, zuriyar tsofaffin sarakuna suka yi arewa, suka kafu a Maraɗi, inda har gobe ake kiran sarkinsu Sarkin Katsina. Duk wanda ya karanta wannan da idon basira ba zai yarda a ce masa rikicin da ke cin ƙauyukanmu yau tsohuwar gaba ce ta jini da aka gada ba. A daren da muka kwana, hirar da ake yi a ƙofar gida ta waɗanda aka sace ce da kuɗin fansa, kuma na ji matasa suna jifan ƙabila sukutum da laifin 'yan ta'adda. A raina na ce yau da mutumin nan yana raye, da ya fito da takardu da alƙaluma ya tambayi wa ke sayar da makamai, wa ya cinye burtali da makiyaya, wa ke karɓar kason sa. Rashinsa a nan ya fi yi mini ciwo.

Muka ratsa Masanawa, unguwar zuriyar Wali Ɗan Masani, muka yi addu'a a maƙabartar Ɗanmarna. Muka leƙa tsohon ginin Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a zamanin kakansa Dikko, ta koma Kaduna, ta koma Zariya ta zama Barewar da ya koyar a cikinta. Yanzu gidan adana kayan tarihi ne. Ban da mu da ma'aikata, babu kowa a harabar.

Washegari muka nufi Mani, don in ga Durɓi ta Kusheyi. Mun tambayi lafiyar hanya kafin mu tashi, aka ce mu je mu dawo da rana. Daga kwalta muka sauka kan hanyar burji, ƙasar ta koma jigawa, gero an riga an yanke an kwantar, ga manyan kukoki tsaye kamar dattawa a wurin jana'iza. Wurin ba shi da wani kwarjini ga wanda bai sani ba: tuddai ne na ƙasa a tsakiyar gonaki. Amma a nan ake cewa Durɓawa suka yi mulki kafin a kafa sarautar Korau a birni, kuma tuddan nan kaburburan manyansu ne. Wani jami'in mulkin mallaka, Palmer, ya tona wasu a 1907, aka sake tonawa a shekarun 1990, aka sami kayan tagulla da na hauren giwa da duwatsun ado, shaidar cewa mutanen nan suna cuɗanya da duniya mai nisa tun ƙarnoni da dama. Na tsaya ina tunanin cewa sarautar Durɓi, wadda ta samo suna daga nan, ita Dikko ya riƙe kafin ya zama sarki, ita kuma mahaifin Dakta Bala ya riƙe.

Na tambayi wani manomi da ke ɗaure damin gero ko akwai dattijon da ya san labarin wurin. Ya ajiye igiyar ya ce, "Ai Malam kun makara. Baba ne ya san wannan, bara waccan ya rasu." Na yi masa ta'aziyya. Ya ce tsohon yakan zauna da daddare ya jero sunaye da labarai, su kuwa suna yara ba su mai da hankali ba. Dakta Bala yana saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya bi irin waɗannan ƙauyuka ya zauna gaban irin waɗannan tsofaffi da alƙalami da takarda, ya haɗa abin da suka faɗa da rubuce-rubucen Larabci da takardun Turawa, ya auna kowanne. Tsofaffin da ya tarar sun tafi, 'ya'yansu ma suna tafiya, shi ma ya tafi yana da shekara 60 kacal. Ni kuwa na shekara talatin ina karanta wa yara abin da ya tattaro, ban taɓa zuwa na zauna gaban tsohon unguwarmu na rubuta ko shafi ɗaya ba. Hawaye suka zubo mini a gaban mutumin, ban ɓoye ba.

Yaron ne ya matsa kusa da manomin ya rage tsawo ya ce, "Baba, ko kaɗan ne, abin da ka tuna daga bakinsa, za ka faɗa mana? Zan ɗauka a waya in ka yarda." Mutumin ya yi jim, ya ce ba shi da yawa. Muka koma inuwar kuka muka zauna a kan kara. Ya fara da inda-inda, sannan bakinsa ya saki, ya yi magana ta kusan rabin awa, yana faɗa yana cewa wannan daga Baba ya ji, wannan kuma daga wata gwaggonsa. Yaron yana tsayar da shi yana tambayar sunan gwaggon da garin da ta yi aure.

Da ya gama muka ɗaga hannu gaba ɗaya, muka yi wa mahaifinsa addu'a, muka yi wa Yusufu Bala Usman. Allah Ya jiƙansu, Ya haskaka makwancinsu, Ya sa abin da suka bari ya zama mai ceto a gare su. Manomin ya cika mana leda da ɗanyar gyaɗa, ya ce mu kama hanya kada la'asar ta same mu a daji. Na miƙa wa yaron littafin ya sa a jakarsa, muka shiga mota.